Wa Ya Yi wa Matafiyi Jagora?

A shekarar 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, marigayi Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya tafi Ingila cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma, har da Nnamdi Azikiwe. Wannan tafiya ita ta haifi littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi a 1944.

Ba mu ja da daɗin Hausar Imam. To amma dole mai nazari ya tuna cewa gayyatarsu aka yi, kuma hukumar British Council ce mai masauki. Mai gida kuwa ɗakin da ya share shi yake nuna wa baƙo, balle Ingila da ke neman goyon bayan ƙasashen da take mulka a lokacin yaƙi. Saboda haka bayan mun tambayi littafin me marubucin ya gani, sai mu ƙara da cewa, wa ya kai shi ya gani?

Abin da ya sa muka tono zancen shi ne rubuce-rubucen da 'yan'uwa ke aiko mana. Mutum ya je taro Alƙahira ko Landan, ya dawo ya cika shafi goma da tsawon benaye da tsabtar titi, har da abincin jirgin sama! Ina direban tasi? Ina ɗalibin da ya tarar can sanyi ya hana shi sakat? Ina ranar da ya ɓata, ba tafinta, ya rasa mai nuna masa masallaci? Waɗannan muke nema a gani, kuma a faɗa mana tun a shafin farko wanda ya biya kuɗin jirgi.