Kuskuren da ya kwana shekara 22 a libXfont

Ka ɗauka mai awon hatsi a Gwashi ya juye buhun gero cikin tiya guda. Abin da ya zube ai kan shimfiɗar maƙwabcinsa zai malale. To, irin wannan gangancin aka tarar a libXfont, ɓangaren da manhajar X ke karanta siffofin haruffa da shi kafin ta zana maka su a fuskar kwamfuta mai Linux.

An ware wa sunan kowane harafi gurbi 100 a ma'adanar kwamfuta, amma babu mai duba tsawon abin da ake zubawa. Idan mugu ya ƙera fayil ɗin haruffa nau'in BDF da suna mai tsawon tsiya, ragowar sai ta danne bayanan da ke kusa. Kuma a lokacin X yakan yi aiki da cikakken ikon mai gida, wato root, ka ga ɗan haya na iya ƙwace gidan ke nan.

Tun 1991 aka rubuta layin. Sai Janairun 2014 X.Org ta sanar, bayan manhajar bincike cppcheck ta hango shi. Gyaran fa? Lamba 99 kawai aka ƙara.

Shi ya sa ban yarda da masu cewa kuskure ba ya ɓuya a buɗaɗɗiyar manhaja saboda idanu sun yi mata yawa ba. Kowa na iya dubawa, gaskiya ne, amma wa ya duba? Da Ilja van Sprundel ya zauna ya bi ta a natse, sai ga wasu ramukan a Mayun 2014. A Maris 2015 aka sake toshe uku, nan dai wajen karanta BDF ɗin.