Malam Zurƙe, Mutum Ne Ko Aljani?

A Randagi da ƙauyukan da ke gefen dajin Birnin Gwari, in aka karanta wa jama'a Ruwan Bagaja a zaure, akwai wata gardama da kan tashi bayan an rufe littafin. Wasu kan ce Malam Zurƙe ɗan Muhamman, abokin gabar Alhaji Imam, ba ɗan Adam ba ne, aljani ne da ya shiga siffar malami. Wannan magana ba ta cikin littafin, masu sauraro ne suka gina ta da kansu. Amma ba da ka suka gina ta ba, don haka ya kamata a dube ta da idon basira kafin a karɓa ko a yar.

Alhaji Abubakar Imam ya rubuta littafin ne don gasar da Dokta East na Hukumar Talifi ta Zariya ya shirya a 1933, aka buga shi a 1934. Shi kuwa a Kagara aka haife shi cikin 1911, watau maƙwabcin mutanen Birnin Gwari ne, irin dajin da suka sani shi ya buɗe ido ya gani. Saboda haka in mutumin Randagi ya ce ya ji ƙanshin tatsuniyar gidansu a cikin littafin, ba a ce ya yi ƙarya ba.

Babbar hujjar masu wannan ra'ayi ita ce yawan haɗuwa. Alhaji ya bar gida neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, yana ratsa garuruwa masu nisa da juna, amma sau da yawa in ya sauka sai ga Zurƙe, ko dai ya riga shi ko ya biyo bayansa. Suka ce wane mahaluki ne ke naɗe ƙasa haka in ba iska ba? Ga shi kuma sanannen abu ne a bakin Hausawa cewa aljannu na cin kasuwa tare da mutane, suna rikiɗa su zama baƙo ko almajiri ko kyakkyawar mace, ba a gane su sai in an dubi ƙafa an ga kofato. Mazauninsu tsamiya da kuka da suri da juji, lokacin yawonsu tsakar rana da almuru. Wanda ya tashi kusa da dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 ya zama gandun daji na En'e ta Birnin Gwari, ya sha jin wannan daga bakin mafarauta tun yana ƙarami. Har wasu kan ƙara da cewa ai a cikin iskokin bori na birnin Jangare akwai Malam Alhaji, mai carbi da allo, don haka aljani malami ba baƙon abu ba ne.

To, hujjar tana da daɗin ji, amma littafin da kansa ya ƙi ta.

A duba karonsu na farko. Alhaji, wanda bai san ko bihim ba, ya shiga gari ya ce shi malami ne, aka haɗa shi da Zurƙe don a gwada iliminsu. Ya zana wani lanƙwasasshen abu a ƙasa ya ce a karanta. Zurƙe ya karanta shi harafi, kamar yadda duk wanda ya zauna gaban malami zai yi. Alhaji ya ce a'a, tsayuwar wata ce. Jama'a suka duba, suka ga lalle ya yi kama da jinjirin wata, suka bi jahili suka kori mai ilimi. Ina aljanin a nan? Aljanin tatsuniya ba a ka da shi da zanen ƙasa, ba a yi masa ature. Duk abin da ya sami Zurƙe daga nan har zuwa ranar da suka shirya da Alhaji, na ɗan Adam ne: jin kunya, da ƙullata, da ramuwa, da sake shan kaye. Yawan haɗuwar kuwa ba ta bukatar fiffike. Malamin tafi-da-gidanka da mayaudari hanya guda su ke bi, domin duk inda kasuwa da fada su ke nan abincinsu ya ke. Bayan haka mai littafi yana bukatar zaren da zai ɗinke gajerun labarai da yawa su zama riga guda, Zurƙe shi ne zaren.

Har wa yau, marubutan nan ba su ɓoye aljani in sun kawo shi. Sa'ad da Alhaji ya kusanci ruwan, an faɗa a fili cewa a ƙasar aljannu ya ke. Haka Malam Bello Kagara, wan Imam, ya yi a Ganɗoki, wanda shi ma na gasar 1933 ne: jarumin ya gama yaƙi da Turawa, ya nufi gabas, ya yi karo da aljannu, an kira su da sunansu. Wanda ke kiran aljani aljani a shafi na gaba, me zai sa ya sakaya shi a shafi na baya?

Inda masu wannan ra'ayi suka fi samun wurin tsayawa shi ne kan akun Magana Jari Ce, wanda Imam ya rubuta a Zariya cikin 1936. Tsuntsu ne mai hikimar da ta fi ta fadawa, yana ba da labarin abin da bai auku ba tukuna, ya tsare Musa ɗan Sarki Abdurrahman da hira har makircin Waziri ya wargaje, daga bisani shi aka naɗa waziri. Nan kam ko mai taurin kai ya yarda akwai abin mamaki. Amma asalin wannan aku sananne ne. Daga tsofaffin littattafan Indiya da Farisa ya fito, inda wani aku ke tsare matar ubangijinsa da labari dare bayan dare don kada ta fita. Imam ya ɗauko shi ya sa masa rawani. Kuma wanda ya yi karatun allo ya san tsuntsu mai kawo labari ba lalle ne ya zama aljani ba, ga alhudahudan Annabi Sulaimanu a Suratun Namli, an ambaci rundunar tsuntsaye dabam, ta aljannu dabam.

Abin da ya sa gardamar ba ta wasa ba ce shi ne abin da a ke asara in an karɓi ra'ayin. In Zurƙe iska ne, to, mutanen garin da suka kore shi ba su yi laifi ba, sun tsare kansu ne. Alhali kuwa nan ne bulalar littafin ta ke: jama'ar da ba ta iya rarrabe harafi da jinjirin wata, kowane mai baki sai ya yi mata limanci. Imam malamin makarantar Midil ta Katsina ne sa'ad da ya rubuta wannan, ya san inda ya ke harbi. Mai da Zurƙe aljani ya cire wa kibiyar tsini. Irin wannan ɗabi'a ta jingina wa iska aikin mutum ba a littafi kaɗai ta ke ba, kuma mutanen wannan ƙasa sun fi kowa sanin haka, domin waɗanda suka fito daga daji suka auka wa Gwaska a watan Mayu na 1918 da ɗari, watau 2018, suka kashe mutane da dama, a kan babura suka zo, ba cikin guguwa ba.

Duk da haka a ba masu ra'ayin haƙƙinsu. Sun lura da abin da mai karatu da gaggawa ke tsallakewa, cewa Zurƙe da Alhaji kamar mutum da inuwarsa su ke, ɗaya ba ya cika sai da ɗayan. Kuskurensu a wurin neman misali ne. Da sun bar Jangare sun nufi tatsuniyar Gizo, da sun sami dangin mutanen nan biyu, domin a can ne mai wayo ke cin wani yau, gobe a ci shi, kuma a wayi gari ya sake fita da sabuwar dabara. Sai dai a Ruwan Bagaja Gizon biyu ne, ɗaya ya yi karatu, ɗaya bai yi ba.