Ranar da Ɗan Shirina Ya Shiga Sahun Manya

Ni dai man, kundin bayanin umarnin kwamfuta, ya gama da ni! Shekara da shekaru ina buga man ls, man grep, ina cin gumin wasu, ban taɓa kawowa a raina ni ma ina da gurbi a wannan kundi ba. Sai da na rubuta wani ɗan shiri mai suna ajiye, mai kwafe fayilolin ofishinmu kowane dare. Kullum sai an tare ni: "Malam, yaya ma ake sa shi ya tsallake hotuna?" Na faɗa har bakina ya gaji.

Rannan na zauna na rubuta masa shafi. Layin farko .TH, sai .SH a gaban kowane kan magana, na raɗa wa fayil ɗin suna ajiye.1. Wannan 1 ɗin ba ado ba ne. Sashe na 1 na umarnin kowa da kowa ne, na 5 na tsarin fayiloli, na 8 na mai kula da na'ura. Shi ya sa passwd ke da shafi a 1 da wani a 5, kuma ba sa karo. Har wasanni an ware musu na 6, kai ka ji mutanen kirki!

Na leƙa shi da man -l, na ga ya fito tsaf, sai na ɗora shi da sudo install -m 644 a cikin /usr/local/share/man/man1. Nan ne hikimar ta fi burge ni. /usr/share/man gonar apt ce, mai girka shirye-shiryen Debian, kada ka yi shuka a ciki. /usr/local kuwa taka ce halak malak, sabunta Debian ba zai taka maka ko tsiro ɗaya ba. Ita kuma 644 cewa take: kowa ya karanta, root kaɗai ya gyara.

Da farko apropos, mai laluben shafukan man, ya ƙi ganinsa, na yi ta zargin kaina. Ashe mandb na manta. Bugu ɗaya, ya sabunta jerin sunaye, sai ga ajiye a sahu ɗaya da tar da rsync. Wallahi sai da na miƙe tsaye.

Tun watan Nuwamba 1971 Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fitar da littafin Unix na farko a Bell Labs ta Amurka, kuma har yau ƙirar shafin ba ta tsufa ba. Abin da ya fi kashe min jiki shi ne sashen BUGS, inda mai shiri ke tona aibin shirinsa da bakinsa. Wane ɗan kasuwa ne ke nuna maka hujin tukunyarsa? Ni ma na rubuta nawa aibi biyu, raina fes.

Washegari intanet ta ɗauke a ofis. Na hango wata abokiyar aiki ta buga man ajiye daga asusunta, tana karantawa shiru. Can ta ɗago.

"Malam, a layi na tara ka rubuta 'fayli' maimakon 'fayil'."