Ƙarfafa silinda: abin da ake saya da abin da ake biya

Injin Honda B18 na motar Integra a shekarun 1990 bulok ɗinsa na alminiyam ne, kuma saman silindojinsa a buɗe yake. Ruwan lagireto yana kewaye su har bakin gasket, babu ƙarfen da ya haɗa su da bangon waje. Injin yana yin sanyi yadda ya kamata, zubinsa a masana'anta kuma ya fi sauƙi. Matsala tana farawa ranar da aka ɗaura masa turbo. Matsin ƙonewar fetur ya ƙaru, bakin silinda ya soma rawa, gasket ya ƙone, wani lokacin bangon silinda ya tsage. Masu Subaru EJ25 sun san wannan ciwo. Masu Toyota Supra ta 1993 kuwa ba su cika kuka ba, domin injin 2JZ na baƙin ƙarfe ne, samansa a rufe.

Dabara mafi araha ta ƙarfafa bulok mai buɗaɗɗen sama ita ce a cusa zoben alminiyam a saman hanyar ruwa ya tokare silindojin. A ganina ita ce ta fi yaudarar mutane. Idan aka buga zoben da guduma, yana matse silinda har ta daina zama da'ira, ringin fistin ya kasa kamawa. Yana kuma rage ruwa daidai wurin da zafi ya fi tsanani. Shi ya sa ƙwararru suke fara gyara mazauninsa da injin yanka mai kwamfuta, su saka shi, sannan su sake rarake silinda su goge ta, da farantin ƙarfe ɗaure a sama mai kwaikwayon matsin kan inji.

Masu tseren mita 402 a Amurka sukan zuba wani abu mai kama da siminti, irin su Hard Blok, a hanyar ruwa. Ƙarfi kam ana samu. Amma motar da za ta tsaya a cunkoso ba za ta jure a cika mata shi ba, man inji zai ɗau zafi.

Aikin da ya fi kowanne shi ne canza silif, wato bututun ƙarfen da fistin yake kai-komo a cikinsa. Makanikan Kano da Kaduna sun saba sa silif a injin da ya cinye. A motar tsere kuwa, lafiyayyen bango ake yankewa a maye gurbinsa da silif mai kauri na ƙarfe mai juriya, kamar na kamfanin Darton. A nan hannun mai aiki ya fi sunan kamfani muhimmanci. Alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe, saboda haka kuskure ƙasa da kaurin gashi a wajen aune-aune ya isa silif ya nutse, ruwa ya shiga silinda.

Abin da ke damuna shi ne yawan ɗora laifi a kan bulok. Sau da yawa abin da ke fasa silinda shi ne fetur ya fashe ba a kan ƙa'ida ba, saboda rashin ingancinsa ko saitin kwamfutar inji mara kyau. Silif mai kauri zai jure wannan duka, sai dukan ya koma kan fistin da sandarsa. Wanda zai kashe kuɗin silif ya fara ware na mai saita injin, kuma ya tabbatar da irin fetur ɗin da zai riƙa samu a garinsu.