Wa Ke Bin Wani Zuwa Majami'a? Nazari Kan Zumuntar Mata

A yawancin ekklesiyoyin Arewacin Nijeriya da ke sujada da Hausa, al'adar a bayyane take: da zarar an ɗaura aure, amarya ta bar ekklesiyar gidan ubanta ta koma ta mijinta. 'Yar EYN in ta auri ɗan ECWA, fastonta zai rubuta mata takardar shaida ta kai wa dattawan can, shi ke nan ta zama tasu. Ba a cika ja-in-ja a kan wannan ba. Amma wanda ya shiga majami'a ranar Lahadi ya dubi bencina zai ga wani abu dabam. Ɓangaren mata maƙil, har da goyo, ɓangaren maza kuwa da sauran wuri. A takarda mace ce ke bin miji. A zahiri sau da yawa mijin ne ke tahowa a bayanta, in ma ya taho ke nan. Abin da ke riƙe da wannan sirri shi ne ƙungiyar da ake kira Zumuntar Mata.

Kakannin Kiristocin Arewa ba su san wani abu wai shi neman ekklesiya ba, domin 'yan mishan sun raba ƙasar tsakaninsu. Mishan ɗin SIM ya iso a 1893, ya kafa tasharsa ta farko a Patigi a 1902, daga gare shi ECWA ta fito a 1954. Ƙungiyar mishan ta SUM ta sauka Wase a 1904. Reshenta na Ingila ya haifi COCIN a Filato, reshen Denmak da ya isa Numan a 1913 ya haifi LCCN. 'Yan mishan na Brethren suka fara a Garkida a 1923, wato tushen EYN. Saboda haka mutumin Kagoro ko Kaltungo ya tashi ya tarar da kansa a ECWA, Bachama a LCCN, Bura da Margi a EYN, Berom da Ngas galibinsu a COCIN. Inda aka binne cibiyarka nan ne ekklesiyarka. Abin da ya haɗa su duka shi ne Hausa, musamman bayan fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya yi wa hidima shekara da shekaru.

Ci-rani da aikin albashi ne suka warware wannan tsari. Jirgin ƙasa, haƙar kuza a Jos, aikin soja da na ɗan sanda, masaƙun Kakuri, duk suka janye samari daga ƙauyukansu zuwa garuruwan da babu majami'ar gida. Ekklesiyar HEKAN kanta haka ta samu: ma'aikata ne daga ekklesiyoyi dabam-dabam suka tsinci kansu a Kaduna a shekarun 1950, suka ga gara su haɗu wuri guda su yi sujada da Hausa maimakon kowa ya zauna a ɗaki yana kewar gida. Daga nan tambayar ta zama ta kowane sabon gida a birni: ina za mu je ranar Lahadi?

Namiji yakan amsa wannan tambaya da baki, ya ce ai mu 'yan ekklesiya kaza ne, ya wuce wurin aiki. Mace ce ke amsa ta da ƙafa. Ranar da ta fara zuwa, mai sanarwa zai ce baƙi su miƙe, a tafa musu, a yi musu waƙar maraba. Wannan ba ya ɗaure kowa. Abin da ke ɗaurewa yana zuwa ne a tsakiyar mako, lokacin da mata biyu ko uku za su yi sallama a ƙofar ɗakin haya, su zauna a tabarma, su tambayi garinsu, su tambayi aikin maigida, su ɗauki jaririn su juya shi, kafin su tashi babbarsu ta ce, "'Yata, muna da zumunta jibi da yamma, zan biyo miki." Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma ban san wata ƙungiya a ƙasar nan da ta ɗauki wannan magana da gaske kamar matan nan ba. Ranar haihuwa su ne da ruwan zafi da kunu, ranar rasuwa su ne ke kwana a gidan makoki suna waƙa har gari ya waye. Iyali da yawa da suka zauna daram a wata majami'a, in ka bi diddigi, ba wa'azin fasto ne ya zaunar da su ba.

Taron kansa ba shi da wani ƙawa. A buɗe da addu'a, a kira suna, kowace ta amsa, a wurare da yawa da ayar da ta haddace. A karɓi kuɗin wata, ma'aji ta rubuta. Matar fasto ko wata dattijuwa ta yi koyarwa, a ji labarin marasa lafiya, a raba waɗanda za su je ziyara. Sai waƙa. A nan ne ya kamata mai nazari ya daɗe, domin waƙar zumunta dabam take da ta littafin waƙoƙi da aka fassaro daga Turai. Matan ne ke tsara abarsu, mai bayarwa ta bayar, sauran su amsa, ana buga bakin tulu da tafin hannu ko da soso, ana kaɗa caki, ƙafafu na tafiya tare. Labarin Hannatu da kukanta na rashin haihuwa, Rut da surukarta, Ayuba, budurwai goma da fitilunsu, duk sun shiga kunnen matan da ba su taɓa zama a aji ba ta wannan hanya. Wasu kuma son karanta ayar da suke rerawa ne ya kai su ajin yaƙi da jahilci. Waƙar ba ta jin kunyar kowa. Takan taɓo mai gulma, ta taɓo mai zuwa wurin boka a ɓoye, ta taɓo maigidan da albashinsa ke ƙarewa a gidan burkutu, alhali yana zaune a bencin baya yana murmushin yaƙe. Abin da mace ba za ta iya faɗa wa mijinta ido da ido ba, mata hamsin sanye da anko za su faɗa masa da kiɗa, kuma ba shi da wadda zai riƙe.

ECWA da EYN ba sa naɗa mace fasto. Duk da haka ina ganin in ana maganar wanda ya fi koyar da talakawan ekklesiya abin da suka gaskata, masu tulun nan ba za su zo bayan masu kwala ba.

Koyarwar zumunta game da miji tana tsaye ne a kan wurare biyu. Ɗaya shi ne farkon sura ta 3 a wasiƙar Bitrus ta fari, inda ake nuna cewa halin mace na iya rinjayar mijin da bai ba da gaskiya ba, ko da ba ta yi masa wa'azi ba. Ɗayan kuma sura ta 2 ce a wasiƙar Titus, wadda ta ɗora wa tsofaffin mata tarbiyyar ƙanana. Daga waɗannan aka gina wata hikima ta zaman gida da ba a rubuta ta a ko'ina ba, amma kowace uwa a zumunta ta san ta. Kada ki tare shi da mita yana shigowa. Kada ki gwada shi da mijin wance. In za a yi addu'ar safe, miƙa masa Littafin ki ce, "Baban yara, karanta mana," ko da kin fi shi iya karatu. In an kawo abinci, shi zai sa albarka. Goge masa kaftani tun daren Asabar ki rataye inda zai gani, kada ki ce komai. Ranar miƙa jariri, ranar godiyar kaka, makon mata da za ki yi waƙa a gaba, nan ne za ki roƙe shi ya zo ya rufa miki asiri, don namijin da ba zai zo saboda Allah ba yakan zo saboda kada a ce matarsa ba ta da kowa.

Dabarar tana aiki, domin ta fahimci abin da ke hana maza zuwa. Kaɗan ne daga cikinsu suka daina gaskatawa. Wani an sa shi a horo ne saboda ya ƙara aure, an hana shi jibin Ubangiji, ya ga zama a baya kamar tsirara ne a kasuwa. Wani kwalba ce ta riƙe shi, ya san kuma kowa ya sani. Wani aikin dare yake yi. Wani kuwa kunyar tiren baiko ce, a zo gabansa aljihu wayam. Galibin waɗannan ciwon mutunci ne, matan kuma sun gane cewa mutumin da mutuncinsa ya zube ba a dawo da shi da gori.

Sai dai nan ne kuma nake da ja. Abin da ya fara a matsayin hikima ya rikiɗe ya zama hukunci. In miji ba ya zuwa sujada, matar ake tambaya. In ya koma shan giya, ita ce ba ta yi addu'a sosai ba. In ta zo da kumburarren ido ta faɗa wa uwayen zumunta, abin da take yawan ji shi ne, "Ki yi haƙuri, mu ma haka muka zauna." Haƙuri maganin zaman duniya ne, ba musu, amma ayar Bitrus maganar miji marar ba da gaskiya take yi, ba ta ce a zauna a ci duka ba, kuma ƙasa kaɗan a surar nan an juya kan maza an umarce su su girmama matansu. Sura ta 5 ta Afisawa ma haka take sha: rabin da ya shafi biyayyar mace kowa ya haddace, rabin da ya ɗora wa miji ƙauna irin ta mai ba da ransa, wanda ya fi tsawo, sai ranar ɗaurin aure ake jin sa. Laifin ba na matan ba ne su kaɗai. Dattawa, waɗanda maza ne, sun sami sauƙi da wannan tsari. Akwai zumuntar maza a ekklesiyoyi da dama, amma a wurare da yawa ba a jin ɗuriyarta sai an tashi ginin majami'a ko tara gudummawa. Da wuya ka ga maza uku sun yi sallama a ƙofar wanda ya yi wata biyu bai zo ba, su zauna su ji damuwarsa.

Ɗaya gefen kuma kusan ba a koyar da shi. Yaya miji zai ƙarfafa matarsa? Akwai maza da ke riƙe yara da yamma don ta je taro, su biya mata kuɗin mota zuwa babban taron shekara, su zauna su saurari ayar da take haddacewa. Suna nan, amma daga halinsu suka samo, ba daga wani aji ba. Akila da Biriskila, waɗanda sura ta 18 ta Ayyukan Manzanni ta nuna su tare suna gyara wa Afolos fahimtarsa, sun fi fitowa a katin biki fiye da tsarin koyarwa.

Sababbin ekklesiyoyi sun ƙara dagula lissafin. Living Faith a Kaduna ta fara taronta a 1983, tun daga lokacin kuma irinta suka yawaita. Yanzu za ka ga gida guda, miji ya nufi sujadar Hausa, mata ta ɗauki yara ta hau Keke Napep zuwa inda ake addu'ar dare da Turanci, ko kuma mijin ne ya sauya sheƙa ya ce dole ta bi shi. Wannan na biyun ya fi ciwo, don abin da aka raba ta da shi ya wuce gini: uwayen da suka yi mata wankan jego ne, da waɗanda za su tsaya mata ranar da ta rasa wani. 'Yan mata masu digiri kuma da yawa suna ganin zumunta ta tsofaffi ce, ga kuɗin anko, ga tara in an makara. Wannan ƙorafi na kuɗi gaskiya ne, kuma matar da ba ta da zanen bana takan zauna a gida ranar da ta fi bukatar fitowa.

Gwaji mafi tsanani ya zo wa EYN a 2014. A watan Afrilu aka sace 'yan matan Chibok, waɗanda akasarinsu 'ya'yanta ne, a watan Oktoba Boko Haram ta mamaye hedkwatarta da ke Kwarhi kusa da Mubi, shugabanni suka koma Jos na wani lokaci. Jama'a suka watsu zuwa Yola, Jos, kewayen Abuja da sansanin Minawao a Kamaru. Neman majami'a ya koma neman inda za ka ji an ambaci sunan ƙauyenku. Matan suka sake haɗa zumuntarsu a duk inda suka sauka, har ƙungiyar mawaƙansu ta zagaya Amurka a 2015 tana ba da labarin abin da ya same su. Mace a gudun hijira tana iya kafa kaskon ƙosai ko ta karɓi wankau. Manomin da aka raba da gonarsa kuwa sai zaman gindin bishiya.

Irin wannan miji ba ya cikin lissafin tsohuwar koyarwa. Ba mashayi ba ne, ba a horo yake ba, jiya ma wataƙila shi ne mai bishara a ƙauyensu. Ya ga an kashe ɗan'uwansa ne, bakinsa ya kasa buɗewa da addu'a. Goge kaftani ba ya kai wa nan, matar ma da nata raunin take kwana. EYN, da taimakon 'yan'uwanta na waje, ta shiga shirya tarurrukan warkar da raunin zuciya, inda ake horar da masu jagora su bi garuruwa da sansanoni, maza da mata su zauna kowa ya faɗi abin da idonsa ya gani. A irin wannan zama ba a tambayar mace dalilin shirun mijinta; shi ake jira har ya yi magana da bakinsa.