Abin da sandar awon kogi ke faɗa da abin da ba ta faɗa

Gaya tana bakin Kogin Isa, gada ce kawai tsakaninta da Malanbil ta ƙasar Benin, kuma da damina zancen tsayin ruwa ba ya barin bakin mutane. Sai dai alƙaluman da ake faɗa game da kogin ba jinsinsu ɗaya ba. Tun 1946 masanin nan na Amurka, Stanley Stevens, ya kasa ma'auni gida huɗu: na suna, na jeri, na tazara da na ninki. Lamba 3 da aka ba jihar Dosso a jerin jihohin Nijar suna ce zalla. Ba mai cewa Tilaberi mai lamba 6 ta ninka ta. Launukan gargaɗin ambaliya kuma, rawaya da ruwan lemo da ja, jeri ne: an san wanda ya fi muni, ba a san da nawa ba.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne kan sandar awon da ake kafawa cikin ruwa, mai zane-zanen santimita. Sifirinta ba ya nufin kogi ya ƙafe. Injiniyoyi ne suka zaɓi wurin, kuma kowace tasha da nata. Saboda haka santimita 600 ba ninkin 300 ba ce a yawan ruwa, balle ma in kogi ya malala cikin fadama, inda ƙarin taƙi ɗaya a sama ya fi taƙi ɗaya a ƙasa ɗaukar ruwa nesa ba kusa ba. Haka 620 ɗin da ke nufin jan gargaɗi a Yamai ba a ɗauko ta a aza wa Gaya. Abin da sandar ke faɗa da gaskiya tazara ce: ruwa ya hau santimita kaza cikin dare. Mai son zancen ninki sai ya koma ga yawan ruwan da ke wucewa a daƙiƙa, ko ga ruwan sama, wanda a Gaya yakan kai kimanin milimita 800 a shekara. A nan ne sifiri ke nufin babu.

Wani zai ce wannan ƙwaƙule-ƙwaƙulen malamai ne, kuma yana da magoya baya. A 1953 Frederic Lord ya yi wa rabon Stevens ba'a da misalin lambobin rigunan 'yan ƙwallo, don ya nuna lissafi bai damu da asalin lamba ba. Haka ne, kwamfuta za ta fitar da matsakaicin duk abin da aka ɗura mata. Amma a wajen fassara ake yin ɓarnar. In ma'aikaci ya mayar da launukan nan 1, 2, 3, ya haɗa su ya raba, daminar da ta yi watanni a rawaya da mako ɗaya a ja za ta fito a takarda kamar mai sauƙi, alhali a makon nan ɗaya ne ruwa ke shanye shinkafar bakin kogi.