Waƙar Wasiƙa Rabin Zance Ce: Misali Daga Nana Asma'u

1.0 Gabatarwa

Manazarta rubutacciyar waƙa sun saba karkasa ta bisa jigo, wato wa'azi da madahu da marsiyya da siyasa. Ba a cika kula da waƙar da aka rubuta domin mutum ɗaya, aka aika masa kamar wasiƙa ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa irin wannan waƙa ba ta fahimtuwa sai an haɗa ta da 'yar'uwarta, wato wadda ta jawo ta ko wadda ta amsa ta.

2.0 Asma'u da Bello

Nana Asma'u (1793-1864) ta yi waƙoƙi da Larabci da Fillanci da Hausa. Tsakaninta da wanta, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, akwai aminci irin na abokan karatu, ban da zumuncin jini. A shekarar 1822, ana cikin fargabar yaƙi, Bello ya aika mata waƙa wadda ya gina bisa aya ta 5 ta Suratus Sharhi, mai alkawarin sauƙi tare da tsanani. Kowane baiti ya fara da harafi ɗaya na ayar. Asma'u ta mayar da amsa cikin baiti 14, bisa wannan tsari.

Wanda ya karanta amsar ita kaɗai addu'a kawai zai gani. Amma idan aka jera su biyu, sai zubin waƙar kansa ya zama saƙo. Da ta bi haruffan da ya bi, ta shaida masa cewa ta karanta, ta gane, kuma damuwarsu ɗaya ce. Mai mulki ba ya bayyana fargabarsa a bainar jama'a, sai ga amini. Waƙa ce ta ba shi wannan dama ba tare da girmansa ya zube ba.

Wannan hulɗa ba ta tsaya cikin gida ba, domin Asma'u ta rubuta wa malamin nan na Shingiɗi, Alhaji Ahmad Muhammad, waƙar maraba da Larabci.

3.0 Matsalar Nazari

Masu kwafar waƙa da masu buga diwani sukan tattara aikin mawaƙi ɗaya ne, su bar na abokinsa. Ta haka ake raba tambaya da amsarta. Ko aikin da Jean Boyd da Beverly Mack suka buga a 1997, duk da ɗimbin amfaninsa, diwanin Asma'u ne. Muryoyin abokan zancenta suna warwatse a wasu taskoki.

4.0 Kammalawa

Ya kamata mai nazarin irin wannan waƙa ya fara da tambaya uku: wa aka aika wa, me ya gabace ta, me ya biyo bayanta? Haka kuma wajibi ne a nemo wasiƙun da ke cikin adakokin gidajen malamai, a adana su bibbiyu, tun gara ba ta cinye rabin zancen ba.